Garwashin Katakon Inji

Matata ta haihu a tsakiyar damina, lokacin da duk itacen da ake sayarwa a Dorayi jiƙaƙƙe ne. Wankan jego kuwa ba ya jira. Safe da yamma sai an tafasa ruwa a babbar tukunya, kuma kawo itacen aikin miji ne. Gwaggonta ce ta zo daga ƙauye ta zauna mata. Kullum na dawo sai in tarar tana fifita ɗanyen darbejiya, idonta jawur.

"Kai, wuta ka sayo mana ko hayaƙi?" haka take ce mini.

A kamfanin da nake aiki a Sharada aka kawo sabon inji daga waje cikin ƙaton akwatin katako. Da aka farfasa akwatin, aka ce mai so ya ɗiba. Ni mutum ne mai wasuwasi. Sai da na tambayi shugaban sashenmu, na koma na tambayi mai gadi, ko ya halatta in ɗauka. Na shinshina, na kankare da farce ko akwai fenti ko magani a jiki. Babu. Nauyi ne da shi kamar kirya. Na ɗaure a bayan keke.

Ban taɓa ganin itace mai ci irin wannan ba. Ba tartsatsi, hayaƙi ɗan kaɗan, ga ƙamshi kamar ana suyar gyaɗa. Kafin Gwaggo ta gama wanke ganyen wanka, ruwa ya tafasa.

"Yau kam ka zama miji," ta ce.

Washegari da na fito alwala na tona tokar murhun da tsinke. Garwashin jiya yana nan ja, da ransa. Na yi mamaki, na wuce aiki.

Gwaggo tana da al'ada. In an gama wankan safe, sai ta kwashi garwashi a kasko ta kai ɗaki, ta rufe ƙofa da taga don kada sanyi ya shigi mai jego. Garwashin darbejiya ba ya daɗewa yake zama toka, shi ya sa abin bai taɓa damuna ba.

Da hantsi ruwa ya sauko. Ina tsaye a kan inji sai na ga wani abokin aiki zai ja ƙofar ɗakin janareta saboda feshi. Shugabanmu ya daka masa tsawa, ya ce iskar da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki ba ta da wari. Nan take na tuna jan garwashin nan. Na tuna kasko. Na yar da sifanar da ke hannuna.

Ban san me na faɗa wa shugaban ba, na dai ga ya ɗaga mini hannu. Na hau keke cikin ruwa. Kwata ta cika ta malalo kan titi, sarƙar keken ta zame, na sauka ina turawa da gudu. Addu'a ɗaya nake ta maimaitawa, ita ma ba na kai ƙarshenta.

Na tarar da Gwaggo a rumfa tana tsince shinkafa.

"Lafiya? Ko korarka aka yi?"

"Gwaggo, kun kai musu wuta ɗaki?"

"To da fa? Wannan mai albarka ma har yanzu bai mutu ba."

An toshe ƙasan ƙofar da tsumma. Na banka. Zafi ya dake ni a fuska, kaskon yana ja a gefen gado. Na kira matata, shiru. Na girgiza ta, ta buɗe ido da ƙyar.

"Kaina," ta ce. "Kaina zai tsage."

Jaririyar tana cikin zani, ko motsi ba ta yi. Na kai kuncina kusa da hancinta, amma haki nake yi, ban iya bambance numfashina da nata ba. Na ɗauke ta na fita da ita rumfa. Da feshin ruwa ya taɓa mata ƙafa, ta takure, ta tsala kuka.

Na miƙa wa Gwaggo ita, na koma na tallabo uwar, na jawo kaskon na tura shi cikin ruwan sama.

"Za ka sa mata sanyi!" Gwaggo take cewa, har ta ga matata ta durƙusa tana amai.

A asibiti suka wuni, da yamma aka sallame su. Sauran katakon da shi aka ƙarasa wankan, a tsakar gida. Kaskon kuwa na kife shi a kan rufin kwano, inda hannun Gwaggo ba ya kaiwa.

Yarinyar yanzu tana firamare. Tana ƙorafi cewa ɗakinmu ne kaɗai ake barin tagarsa a buɗe ko ana ruwa.