Daminar Da Na Yi Wa Jan-Baki Kiɗa

In dai ba hankalina ne ya gushe ba, ba na jin akwai ranar da zan manta da daminar da dattawan garinmu suka gano, cikin mamaki, cewa ashe ni ma Allah bai halicce ni a banza ba. Ganowar ba ta daɗe ba, iyakarta daga fitar kan gero zuwa girbi, amma na ɗanɗana ta, kuma har yau ɗanɗanon yana bakina.

Garin namu ƙauye ne a ƙasar Yekuwa. Ina saurayi na tafi cin rani Damagaram, na faɗa hannun wani mai ba da hayar kayan kiɗan biki. Da ɗaukar lasifika na fara, na ƙare da zama gaban ordinatar, wato kwamfuta, ina haɗa kiɗa. A can na koyi yadda ake ɗauko kupe-dekale na Abijan a ɗaura masa amapiyano na Afirka ta Kudu, kafin mai rawa ya farga an wuce da shi Aljeriya, an zagayo ta Jamaika da Brazil, an sauke shi Legas, ƙafarsa ba ta taɓa yin tuntuɓe ba. Wannan ɗaurin shi ne sana'ar, kuma ba yabon kai ba, na iya. Sai na ga bai kamata in bar mutanenmu cikin duhu ba. Na sayar da bijimin da na gada, na sayi tsohuwar ordinatar da manyan lasifika biyu da ƙaramin injin wuta, wanda muke ce wa gurup, na ɗoro su a mota na nufo gida ina jin kamar ni na kawo wa ƙasar rijiya.

Bikin farko da na yi a garin shi ne na ƙarshe. Ɗiyar maƙwabcinmu ake aurarwa, da la'asar, fili ya cika, 'yan mata sun yi da'ira, samari sun tuɓe takalma. Muna tsakiyar tafiya daga Abijan zuwa Jamaika sai komai ya yi tsit. Na waiga, na ga kawuna, wan mahaifiyata, riƙe da wayar wuta kamar wanda ya kashe maciji yana nuna wa jama'a. Kawun nan nawa shi ne bakin dattawan gari. Ba shi da sarauta, amma in ya yi tari a ƙofar mai gari, an yanke hukunci.

Washegari aka kira ni. Kawu ya ce shi ya san kalangu, ya san gangar noma, kowane kiɗa da iyayensa da gidansu. "Amma wannan naka, yaro, ba uwa ba uba. Ka kwaso tarkacen duniya ka dama wuri ɗaya kamar fate-fate. Ko kunnen jaki aka zuba wa sai ya yi ciwon kai." Dattawa suka gyaɗa kai. Aka hana ni kunna kayana a cikin gari, ko biki ko suna. Kayan suka koma ɗakin Inna, mahaifiyata, inda wata kaza ta gane darajar lasifika ɗaya kafin kowa, ta mai da samanta wurin ƙwai. Ni kuma na zama misali. In yaro ya ƙi zuwa gona, sai ka ji uwarsa ta ce, "Ci gaba, za ka ƙare kamar mai fate-fate."

Daminar da ta biyo baya ta yi kyan da aka daɗe ba a gani ba. Gero ya tashi ya wuce kan mutum, ya fitar da kai, ya fara ido. Tsofaffi har sun fara gyaran rumbu, masu 'ya'ya mata sun fara sa ranar aure. Sai ga jan-baki. Wanda bai taɓa ganin tsuntsun nan ba zai raina shi, don bai kai cikin tafin hannu ba. Amma ba ya zuwa shi kaɗai. Da safe za ka hango wani abu baƙi daga gabas kamar hayaƙin gobara, yana lanƙwasa yana miƙewa, sai ya sauka a gona, in ya tashi ya bar maka zangarniya fayau kamar an tsefe ta.

Gari ya fita kaf. Ana kaɗa gwangwani, ana wurga majajjawa, an rataya leda da tsummoki, mata suna ihu har muryoyinsu suka dushe. Tsuntsayen suka ɗauki abin a matsayin gaisuwa: su tashi kaɗan, su sauka bayan mutum. Mutum-mutumin da Kawu ya kafa da tsohuwar rigarsa, a kan hularsa suke hutawa bayan sun ƙoshi. An aika birni neman maganin feshi, aka ce yana nan tafe. Ina kyautata zaton har yanzu yana hanya.

Gonarmu ita ce abincinmu, ni da Inna da ƙannena, kuma babu bijimin da za a sayar in ta lalace, don an san inda bijimin ya tafi. Wata safiya Inna ta dawo daga gona, zanenta duk raɓa, ba ta iya magana sai da raɗa. Ta dubi lasifikar, ta dube ni, ta ce, "Kai da hayaniyarka ta hana gari sakat, tashi ka je ka hana tsuntsu. Ko sau ɗaya bijimin ubanka ya yi noma."

Maganar ta yi mini zafi, amma na kori kazar, na ɗaure jaki a amalanke, na kai kayan tsakiyar gona. Na jira har tsuntsayen suka sauka, gona ta yi baƙi, ba ka jin komai sai ƙaf-ƙaf ɗin bakinsu. Sannan na ta da gurup, na buɗe murya har ƙarshe, na sako amapiyano daidai inda gangar ƙasan nan take dirowa kamar aradu. Wallahi ƙasa sai da ta motsa. Gonar ta tashi sama gaba ɗaya. Suka yi wani juyi a iska, suka nemi wurin da ake mutunta baƙo, suka sauka lafiya lau a gonar da ke maƙwabtaka da tamu. Gonar Kawu ce. Ban zaɓa musu ba, amma ba zan ce na yi kuka ba.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidanmu, irin sallamar da ake yi wa mai unguwa. Na fito na tarar da Kawu. Ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi jakina. Tunda aka haife ni bai taɓa tambayar lafiyata ba, yau ga shi har jaki ya samu.

"Ɗana," ya ce, "wannan na'urar taka, tana da nauyin ɗauka?"

Na ce, "Wace na'ura, Kawu? Fate-faten?"

Ya yi kamar bai ji ba. "Cewa na yi ko za ka leƙa da ita wajena."

"Ai an hana, Kawu. Kai ma kana wurin."

Ya gyara hula, ya dube ni da tausayin mai ƙaramin ilimi. "A cikin gari aka hana. Gona gari ce?"

Ka ji inda manya suka fi mu. Hukuncin da na zauna ina kuka a kansa, ashe ƙofa gare shi, mai mabuɗin ne bai buƙaci fita ba sai yau.

Daga ranar na zama ɗan gata. Amalanke ke zuwa ɗaukata, mai gona ke sayen isansi, wato man fetur ɗin gurup, fura mai nono tana jirana a gindin gawo. Mutanen da ke sauya hanya in sun hango ni suka fara kirana da "Malam". Kuma abin da ya fi ba ni dariya, tsuntsun nan yana da wayo: in ka bar masa kiɗa iri ɗaya, jim kaɗan ya saba, ya ci gaba da cin abincinsa kana yi masa rakiya. Ba ya razana sai an sauya ba zato, daga wannan ƙasa an faɗa waccan. Wato damawar nan da aka kore ni saboda ita, ita ce maganin.

Nan da nan dattawa suka zama masana. Wani tsoho da ko rediyo ba ya yarda a kunna a gidansa ya tsaya a kaina yana ba da umarni: "Cire na Indiyan nan, ba ya korarsu, lallashinsu yake. Sa na Abijan!" Mai gari da kansa ya fi yarda da amapiyano, yana kiransa "mai aradun nan". An yi musu mai zafi tsakanin mutum biyu masu furfura kan ko na Brazil ya fi na Jamaika kaifi, har sai da aka shiga tsakani. Ranar da nake gonar Kawu kuwa, na saci kallonsa, na ga ƙafarsa ta dama tana bin kiɗan, kafaɗa ma ta fara ba da goyon baya. Da muka haɗa ido sai ya duƙa yana kakkaɓe ƙafar. "Cinnaka," in ji shi. Na ce, "Sannu, Kawu. Cinnakun bana sun iya bin kiɗa."

Ba zan yi ƙarya in ce ni na ceci garin ba. Lasifika biyu ba sa rufe gonakin gari, inda na bari nan tsuntsayen suke komawa, kuma wasu sun yi asara mai ciwo. Wataƙila ma lokacin tafiyarsu ne ya yi suka tafi. Amma an yi girbi, rumbuna sun samu abin rufe gindi har da ƙari, namu ya ishe mu, kuma duk gari ya yarda da hannuna a ciki. Har mutanen ƙauyen gaba suka aiko da ƙorafi wai mun koro musu tsuntsu da kiɗan Turawa.

Kaka ta yi, bukukuwa suka matso. Na zauna na haɗa kiɗan da ban taɓa haɗa irinsa ba, na wanke babbar rigata, na tafi ƙofar mai gari da kaina, don in ba su damar gyara kuskurensu cikin mutunci. Aka shimfiɗa mini tabarma. Kawu ya miƙe ya yi jawabin da ya sa na fara jin ƙwalla: ya ce ni ɗan halak ne, na fitar da su kunya, duk gidan da ya ci tuwo bana da gumina a ciki. Aka kawo damman gero aka jibge a gabana. Ganin ƙarfe ya yi zafi, sai na ce, "To, ranka ya daɗe, batun biki fa? A bar ni in kunna?"

Mai gari ya dubi Kawu. Kawu ya dafa kafaɗata, muryarsa cike da ƙauna.

"Ɗana, ka yi tunani mana. Abin da tsuntsu, wanda ba shi da hankali, ya ji ya gudu ya bar abincinsa, shi kake so mu zuba wa 'ya'yanmu a kunne?"

"Gaskiya ne!" in ji dattawa baki ɗaya, har da mai neman na Abijan. Ina tattara rigata zan tashi, mai gari ya ƙara da nasiha: in lulluɓe kayan da kyau kada su lalace, don ba a san abin da baɗi za ta zo da shi ba.

Bayan sallar layya na kwashe kayana na koma garin Magarya da zama, inda nake sana'ata har yau, mutane suna rawa ba wanda ya tashi sama. Amma duk shekarar da aka hango baƙin hayaƙin nan daga gabas, wayata takan yi ƙara, in ji muryar Kawu tana tambayar lafiyata da ta iyali, a hankali, da ladabi. Kuma ina zuwa, don rumbun Inna yana cikin garin.

Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, in ka ga waɗanda suka saba yi maka tsaki sun ɗora ka a kai, kada ka yi saurin cewa sun gane darajarka. Ɗaga ido ka duba sama tukuna, ka ga abin da ke cin geronsu. Ka yi musu aikin saboda Allah, ka sha furarka tun tana da sanyi, amma kada ka ɗinka rigar biki.