Kwanon da Na Ɗora wa Ɗakin Inna

Ana shafa addu'ar asuba muka kama hanyar Sakkwato, ni da ɗan kawuna, da jaki guda mai ɗauke da salkar ruwa da guzuri. Ku 'yan'uwana malaman makaranta da kuka ji na bar aji a tsakiyar bazara, kuka yi ta aiko tambaya ko lafiya, ga amsarku. Ba ziyara na je ba, ba kuma Bature ne ya kira ni ba. Magini na je nema.

Ɗakin Inna, mahaifiyata, soro ne da mahaifina ya ɗauko magini tun daga birni ya gina mata kafin a haife ni. Bara, da karatun boko ya fara yi mini yawa a ka, sai na ga bai dace uwar malami guda ta kwana a ƙarƙashin ƙasa kamar gyaɗa ba. Na sa aka kwashe rufin, aka ɗora kwano, na farko a garinmu. Mutane suka yi ta zuwa kallo, ni kuma ina tsaye ina amsa barka. Da damina ƙara kawai ya dame mu. Da bazarar nan ta kama, ɗakin ya zama tanda. Inna ta kwanta, ba ta cin komai sai ɗan kunu, leɓɓanta duk sun tsage. Na roƙe ta ta koma ɗakin ciyawa na matata, ta ce ɗakin da aka kawo ta ciki, mijinta kuma ya cika a ciki, ba za ta bar shi da ƙafarta ba. To tun da ba a iya fitar da ita, sai a mayar mata da soronta. Dalilin tafiyar ke nan.

Kafin hantsi ya ɗaga, rairayi ya fara cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Gonaki fayau, an share an ƙone, ana jiran ruwan da ko alamarsa babu. A kowace rijiya mata ne jere da tuluna, guga ya sauka da nisa ya dawo da rabinsa laka. Ɗan kawun nan nawa, da yake taubashina ne, ba ya raga mini. Tun daga bakin gari ya naɗa mini sarautar Sarkin Kwano, kuma duk ayarin da muka gamu da shi sai ya gabatar da ni da wannan suna, ya ƙara da cewa ni ne na gano yadda ake toya mutum ba da itace ba. Na yi dariya sau biyu. Na uku ban iya ba.

Da rana ta take muka fake a gindin wata tsamiya kusa da Kware, ba mu motsa ba sai la'asar. Wata Bafulatana ta dama mana fura, nonon ya yi tsami har yana kama haƙori, ta kuma ce kwabo, ba ta karɓar kuɗin wuri. Da muka yi ƙorafi ta ce shanu sun tafi kudu neman ciyawa, in muna son araha mu bi su. Ina kwance ina duban rumbunan garin, kowane da gininsa na ƙasa da hularsa ta ciyawa. Manomin da bai san baƙi ko ɗaya na boko ba ya san ya sa wa geronsa hula. Ni mai koya wa yara sunayen tekuna na cire wa uwata tata.

Washegari muka biyo ta Kwalkwalawa. Gulbi ya janye har mun ƙetare da ƙafa, ruwan bai wuce gwiwa ba, kuma ɗumi gare shi kamar an ajiye wa mai jego. A fadama kaɗai muka ga kore, albasa da taba da ɗan dankali. Masunta na gasa ƙananan kifi a bakin hanya, muka saya muka ci a tsaye, muka shiga birni ta Ƙofar Kware ana kiran azahar.

Na yi shekaru a Sakkwato ina karatu, amma sai wannan zuwan na dube ta da idon mai neman inuwa. Lungunan da nake rainawa a da, ina cewa an yi su ba tsari, ashe ƙuncinsu ne ke hana rana sauka ƙasa. Katangar wannan gida ta rufa wa ƙofar wancan. Kasuwa kuwa rabinta sanyi ake sayarwa: maficai, asabari, tuluna, randuna jere kamar masu jiran shari'a. Mai randa ya ce kullum kayansa sai sun ƙare kafin la'asar, ya kuma yi addu'ar Allah ya kawo damina lafiya, da muryar wanda ba ya gaggawa. Muka sauka a gidan tsohon malamina na ilmi. Da ya ji abin da ya kawo ni bai yi mini faɗa ba, ya dai ce a ba ni ruwa, ya tura mu Ƙofar Rini, inda ya ce maginin yana nan da ransa.

Zauren maginin sai an sauka taki biyu ake shiga. Ina sa ƙafa na ji sanyi ya kama ni tun daga idon sawu, har na ji kunyar gumin da ke jikina. Kaurin bangon ya kai kamu biyu, taga ɗaya ce 'yar ƙarama can sama, an yayyafa wa daɓen ruwa, randa na zaune cikin jiƙaƙƙen rairayi a kusurwa. Tsohon ya rankwafa, idonsa ya yi hazo, amma ina faɗin sunan garinmu da na mahaifina ya tuna ɗakin, har da gefen da ƙofarsa ke kallo. Na zayyana masa komai. Ya saurara, sannan ya fara tambaya a hankali, kamar alƙali.

"Azarun da kac cire, suna ina?"

Azara ita ce tsagin giginya da ke ɗauke da nauyin rufin ƙasa. Na ce wasu na ba maƙwabci ya yi rumfar doki, sauran mata sun yi girki da su. Ya tambayi bango. Na ce kafinta ya sa an rage tsawonsa don kwanon ya zauna daidai, an kuma fasa babbar taga ta yamma saboda na karanta cewa iska lafiya ce. Ya tambayi durumin da ke bakin ɗakin. Na ce 'ya'yansa na faɗowa bisa kwano suna firgita mutane, na sa an sare. Ɗan kawuna, wanda tun daga gida bakinsa bai huta ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da rairayi.

"Ɗana, to mi kaka so in gyara?" in ji tsohon. "Ka kwashe rufi, ka rage bango, ka sare icce. Sabon ɗaki za a tada, kuma ba yanzu ba."

Ya bayyana mini dalili dalla-dalla. Ƙasar gini sai an jiƙa ta, an tattake da ciyawa, an bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake jiƙawa. Garin da ake rabon ruwan sha da ƙoƙo ba shi da ruwan wannan aiki. Tubali sai ya bushe. Azara sai an samo namijin giginya an tsaga an shanya. Ko da an haɗa duk wannan, ruwan farko ya kusa, kuma ɗanyen soro in hadari ya same shi a kan mai ɗakin zai zauna. Ya ce in dawo bayan kaka, zai ba ni babban ɗansa ya yi aikin.

"Baba, ba na jin za ta kai kaka," na ce.

Tsohon ya gyaɗa kai. "Awo, na ji ka. Ƙasa dai ba ta yin sauri don mutum na ciwo."

Abin da ya iya ba ni dabara ce ta wucin gadi: a shimfiɗa karan dawa mai kauri bisa kwanon, a rufa zana, a danne da duwatsu, a toshe tagar yamma, a rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofa. Ya ce zai rage, ba zai kashe ba, kuma iskar hadarin farko za ta kwashe shi duka.

Kafin mu bar birni ɗan kawuna ya matsa sai mun leƙa unguwar Turawa, ya ga inda na samo wayewata. Daga nesa muka tsaya. Gidan Baturen ginin ƙasa ne mai kauri, an yi masa jinka ta ciyawa, da rumfa kewaye da shi. Kwanon da na taɓa hangowa yana ƙyalli har ya shiga raina yana can gefe, bisa wani dogon ɗaki. Muka tambayi wani mai ba dawaki ruwa ko wa ke kwana ciki. Ya ce ba kowa, fatu ake ajiyewa.

Komawa ba mu tsaya fura ba. Muka isa gida da hantsin rana ta biyu, na tarar da ɗakin Inna a buɗe, ba kowa. Matata ta tare ni ta ce tana da rai. Zazzaɓi ne ya hau mata ka bayan tafiyarmu, har ta daina gane inda take, sai suka ɗauke ta a tabarma suka kai ta ɗakin ciyawa. Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni kamar baƙo, ta kama hannun rigata.

"Bawan Allah, taimake ni ka mai da ni ɗakina," ta ce. "Can ya fi sanyi."

Na ce to.

Yau kwana huɗu ke nan, kullum sai ta roƙe ni, kullum sai na ce to. Na ɗora karan bisa kwanon duk da haka, don hannuna ya sami abin yi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma duk wanda muka wuce a hanya ya riga ni saninsa: sanyin gida tun da kaka ake gina shi, da ƙasa da itace da haƙuri, wanda kuma ya rushe nasa cikin yini guda sai ya jira shekara. Ni zan iya jira. Ku sa Inna cikin addu'a.