Hancin Kawu Inuwa

Duk wanda ya san Kawu Inuwa mai turare na Mandawari ya san ba ya gama gaisawa da mutum sai ya shinshina shi. Ka miƙa hannu, ya kai hanci wuyan rigarka, ya ce, "Wa ya cuce ka da wannan?" Ni ɗan ƙanwarsa ne, ban taɓa tsira ba.

Tun kafin hannunsa ya fara rawa haɗinsa ya canza. Hajiya Balaraba, wadda ta daɗe tana saye a wurinsa, ta dawo da kwalba.

"Malam Inuwa, humra na ce, ba maganin sauro ba."

"Hajiya, hancin mutanen yanzu ne ya yi laushi."

Da karkarwar ta bayyana na kai shi asibiti. Likita ya ce cutar Parkinson ce, kuma bincike ya nuna jin ƙamshi kan ɓace shekaru kafin rawar hannu. Ya ba shi wasu katuna masu ƙamshi ya faɗi na mene ne. Kawu ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye.

"Likita, an sayar muku da jabu."

Rawar hannun kuwa cewa ya yi ta rage masa aiki, dama turare sai an girgiza.

Daga baya aka nemi masu cutar su shiga wani sabon bincike. Za a goga auduga a bayan mutum a ɗebi maiƙon fata, ko za a riƙa gane cutar da wuri. Sharaɗin ɗaya ne: kada a shafa turare.

"In fita tsirara ke nan," in ji Kawu.

Ya je yana tashin ƙamshi, aka dawo da mu. A cikin adaidaita ya juyo ya tambaye ni.

"Audugar nan za ta warkar da ni?"

"A'a, Kawu. Sai dai na baya."

"Da wani ya gaya mini tun ranar da hancina ya tafi…" Ban taɓa jin ya amsa cewa hancin ya tafi ba sai ranar.

Da ranar komawa ta zo, ya ari rigata, don nasa duk sun sha turare. A bakin lungu muka yi wa Malam Garba makaho sallama, maƙwabcinsa tun suna samari.

"Sannu baƙo, daga ina?"

"Daga gidanku, Garba," in ji Kawu.

Aka ɗebi abin da za a ɗiba, ya dawo ya yi wanka da kwalba guda.

Akwai wata ƙaramar kwalba da ya hana kowa taɓawa. Ya ce mini, "Wannan na haɗa shi tun ina jin ƙamshi. Na likkafanina ne."

Shi muka zuba masa. Malam Garba yana zaune a soro aka fito da makara, ya ɗaga kai ya ce, "Inuwa ne."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shaƙa masa ƙamshin Aljanna. Audugar nan kuma, Allah Ya sa ta amfani na baya.