Na kai wa Kaka rikoda Birnin Gwari

Muna sallame sallar asuba muka bar gida a Kaduna, ni da ƙanwata, da jaka ɗaya wadda na hana kowa taɓawa. A cikinta akwai 'yar rikodar da na saya, da batura, da igiyar da ke haɗa ta da waya. Sammakon bai yi mana rana ba, domin a Buruku direba ya kashe mota ya ce sai rana ta ɗaga motoci sun taru, ba ya shiga dajin shi kaɗai. Babu wanda ya yi masa gardama. Muka sauka muka ci waina da miya mai zafi, wadda ta ƙara kuɗi ta rage girma tun zuwana na ƙarshe.

Dalilin tafiyar shi ne Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara iya hawa wannan hanya ba, mahaifiyarsa kuma, Kaka, ta tsufa ba ta fita. Kullum maganarsa ita ce yana son ya ji muryarta tsaf, ba ta cikin shuuu ɗin kiran waya ba. Sai na shirya zan watsa hirar kai tsaye a zauren dangi na waya, shi yana kwance yana ji.

Hanyar dai kun san ta. Inda kwalta ta mutu sai a bi gefe, inda aka tarar da shingen jami'an tsaro sai a sauke gilashi a gaisa. Da muka shiga tsakiyar daji hira ta ɗauke, har da wani mai surutun siyasa da ya ishe mu tun daga tasha. Amma na ga abin da ya faranta mini rai: gonakin da na sani a yashe an sake nome su, dawa ta yi kai, ga Fulani da shanunsu a bakin titi suna ɗaga mana hannu.

Mun tarar da Kaka a gidan da take zaune a Magajin Gari tun da suka baro ƙauyensu na wajen Tabanni. Tana ganina ta ce, "Mijin nawa ya zo hannu rabbana, ko goro babu, sai ɗan akwati." Na ce ai akwatin ya fi goro tsada. Ta ce to in tafasa shi mu sha.

Bayan mun sha fura na fara haɗa kaya a tsakar gida. Na sa batura, na duba katin ajiya, na rufa wa makirufo sosonsa saboda iska. Na ɗora rikodar a kan turmi, na shimfiɗa zani a ƙarƙashinta don kada ta ɗauki jijjiga. Da na saƙala abin ji a kunne sai na gane kajin gidan sun fi kowa murya, dole aka kora su bayan ɗaki. Na ce Kaka ta yi magana in daidaita ƙarfin sauti, kada alamar da ke jikin rikodar ta taɓa ja. Ta yi ta tsokanata, murya garau. Sabis kuwa sai a jikin katanga ta gabas, nan ƙanwata ta tsaya riƙe da waya, igiyar ta kai da ƙyar.

Muna shiga kai tsaye ƙanwata ta ɗaga murya da murna: "Kaka, ga Baba nan yana jin ki, yi masa magana!"

Shikenan. Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya tana kallon randa. Baba ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa fuskantarsa da magana ba, in ta kama dole sai ta ce "wancan". Mun san da wannan kunya sarai, amma a wautarmu mun ɗauka tunda akwai daji guda a tsakaninsu ba za ta yi aiki ba. Dangi suka fara rubuto cewa ba sa ji, ko sabis ne? Ni kuwa ina jin numfashinta a kunnena, na san ba laifin igiya ba ne. Na tuna Baba a kwance ya kasa kunne, raina ya ɓaci ƙwarai. Muka katse.

Bayan la'asar ina naɗe igiya sai ta nuna rikodar da haɓa. "Wannan abin, in ba a ɗaura shi da wayar ba, wa ke ji?"

Na ce babu kowa, ajiyewa kawai yake yi, sai an kunna daga baya.

Ta ce, "To kai shi ɗaki. Ku kuma ku ba ni wuri."

Na ajiye mata ita kusa da gado, na danna jan maɓallin a gabanta, na ja labule na fito. Muka zauna a zaure muna cin gasasshiyar masara har ta kira mu. Ban saurari abin da ta faɗa ba, ba nawa ba ne.

Washegari muka biyo ayarin motoci muka dawo lafiya. A hanya na yi ta tunanin cewa na koyi saita sauti da kare iska, amma ban taɓa lura cewa wata maganar ba ta fitowa sai an rufe mata ƙofa ba. Kai tsaye yana da daɗi, sai dai ba kowa aka yi wa shi ba.

Da na isa na sa wa Baba abin ji a kunne na kunna masa, na koma bakin ƙofa. Ya daɗe idonsa a rufe. Da maganar ta ƙare ya zare da hannunsa mai lafiya, hawaye na bin gefen fuskarsa, ya ce, "Ashe haka sunana yake a bakinta."