Ruwan da Dada Ta Yayyafa wa 'Yan Tsaki

Ba don kiwo na sayi 'yan tsakin nan ba, ni da ko kaza ban iya kamawa. Don mahaifiyata na saye su, wadda muke kira Dada. Wata takwas ta yi a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi bayan sun gudo daga ƙauyenmu, kafin na ɗauko ta zuwa ɗakin da nake haya a Karewa. Tun da ta zo ba ta kwance ƙullin kayanta ba. Kullum magana ɗaya, ita gida za ta koma. Wane gida, fisabilillahi? Wanda aka ƙone? Sai na yi dabara. Mace ce mai kiwo tun tana amarya, in hannunta ya samu abin riƙewa, ƙila ta zauna.

Guda hamsin na sayo a Jimeta, na turawa, kwana ɗaya da ƙyanƙyashewa. Mai shagon ya biyo ni har bakin titi yana ja mini kunne.

"Malama, ki shimfiɗa musu ƙaiƙayin shinkafa. Ban da garin katako. Ɗaki mai iska, kuma kada ƙasan ta jiƙe."

Na ce to, a raina ina cewa wannan mutum akwai iyayi. Ƙaiƙayi sai na je har wurin masu injin casa, alhali ga kafinta a bayan layinmu yana neman mai kwashe masa gari kyauta. Buhu biyu na ɗauko. Ɗaki kuwa, wani ɗan sito ne na kwano da mai gidan ya ara mini, tagarsa kamar tafin hannu. Gargaɗin mai shago kuma ban isar wa Dada ba. Ni ce zan koya mata kiwon kaza?

Makon farko, wallahi har kuka na yi don daɗi. Dada ta farfaɗo. Tana yi musu hira da Fulatanci, tana zagin masu haɗama a cikinsu. A rana ta takwas ta kwance ƙullin nan ta jera kayanta.

Sai bazara ta kama. Wanda bai zauna a Yola ba, kada ya ce ya san zafi. Da azahar kwanon siton nan ba ya taɓuwa, 'yan tsaki su buɗe baki suna haki. Dada ta ji tausayinsu, ta yi musu abin da kowace mace ke yi a nan in ɗaki ya ɗau zafi: ta yayyafa ruwa a ƙasa. Da hantsi, da azahar, da la'asar, duk ina makaranta wurin koyarwa. Garin katakon ya sha ruwa ya dunƙule, ya soma wari. Suka fara kashin jini. Yau uku su mutu, gobe tara, jibi ban ma ƙirga ba.

Likitan dabbobi da na kira ya damƙi garin ya matse, ruwa ya ɗigo.

"Wa ke jiƙa wannan?"

"Ni ce, ɗana," in ji Dada. "Zafi suke ji."

Ni dai zuciyata a kusa take, kowa ya sani. A gaban baƙo na buɗe baki na ce, "Haba Dada! Wannan ba kajin ƙauye ba ne! Ke kika kashe su!" Ban ce ni na zaɓi garin ba, ban ce an gargaɗe ni na yi shiru ba. Har yau ina jin kunyar wannan rana, ina jin haushin kaina.

Ta share siton tas, ta ba maƙwabciyarmu guda bakwai da suka rage. Bayan kwana biyu na taso daga aiki na tarar ta ɗaure kayanta, za ta koma ƙauye.

A tasha na faɗa mata gaskiya, ina kuka, ina roƙonta ta sauko daga motar.

Ta dube ni ta taga ta ce, "Da kin faɗa mini, ai da na ji. Yaushe na taɓa ƙin jin maganarki?"

Mota ta tashi. Dada ba ta kai lokacin kaka ba, ta rasu. Sai da ta kwana huɗu a ƙasa kafin labari ya iso gare ni.