Gezar Ragon Layya

Kowa da abin da yake dubawa idan zai sayi ragon layya. Wani ƙaho, wani kitse, wani haƙori. Babana geza yake dubawa. Zai shiga kasuwar dabbobi ta kudancin Jidda, ya wuce tiƙa-tiƙan raguna ko kallo ba su ishe shi ba, ya je ya tsuguna gaban wani Sawakini, irin ragunan nan na Sudan masu dogayen ƙafafu, ya cusa yatsu cikin gashin wuyansa yana shafawa. Innarmu ta sha yi masa tsiya: "Malam, nama muka aike ka, ka dawo mana da gashi." Sai ya yi dariya ya ce ai naman yana nan a ƙarƙashi, ta yi haƙuri a feɗe.

Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta. Aikin hajji ya kawo shi tun yana saurayi, ya zauna, ya auri Inna, aka haife mu a unguwar Nuzla, ni da yayana. Sauran ranakun mako dako yake yi a shagunan Sharafiyya, amma yammacin Juma'a na kamun kifi a teku ne, ko sama da ƙasa za su haɗe. Kuma bai taɓa yarda da koton kanti ba. Nasa yake yi. Cokalin cin abinci zai samu, ya yanke mariƙin, ya huda kan, ya ɗaura ƙugiya, ya goge shi da toka har ya riƙa ɗaukar ido. Shi ya sa cokulan gidanmu ba su taɓa cika ba, duk baƙon da ya zo sai Inna ta ce masa ai cin tuwo da hannu ya fi albarka.

Amma cokalin ba shi ne abin alfaharinsa ba. Kamar kamu biyu gaba da shi, a jikin igiyar, yakan ɗaura wata 'yar ƙugiya da ya yi wa riga da farin gashi, ya naɗe wuyanta da jan zare. Larabawan bakin teku suna ce mata risha, don su da gashin tsuntsu suke yi. Shi kuwa ɗan gudu yake kiranta. Idan ana jan igiya, sai ka ga kamar cokalin kifi ne ya biyo wani ɗan mitsitsi zai haɗiye. "Kifi ma yana da ƙyashi," in ji Baba. "Hamur, ƙaton kifin nan, yana kwance cikin dutse, ba yunwa yake ji ba. Amma ya ga wani zai ci abu a ƙofar gidansa, sai ya fito ya riga shi."

Gashin kaza, a cewarsa, da ya sha gishiri sai ya mutu. Geza kuwa miƙaƙƙiya ce, tana buɗewa tana rufewa a ruwa kamar abu mai numfashi. Don haka duk babbar sallah, bayan an yanka kafin a fara fiɗa, sai ya ɗauko almakashi ya yanki gezar, ya wanke da sabulu, ya shanya a saman bene, ya zuba a gwangwanin madara. Ita zai yi ta tsakura har wata sallar. Ni ce mai riƙe masa zare, kuma rabin Hausar da nake ji a wurin nan na tsince ta, don sai yana ɗauri yake sakin baki. Yayana ƙwallo ta ɗauke masa hankali, bai taɓa sanin abin da ke cikin gwangwanin nan ba.

Haka muke har na girma, har Baba ya fara cin karo da ƙofa. Ni na raka shi asibiti. Likita ya ce moya zarga ce, ciwon nan da ke cin ido daga gefe, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana kan hanya. Baba ya yi masa godiya kamar kyauta ya ba shi. Sai da muka fito titi ya ce, "Gwangwanina ya ƙare. Bana zan ɗaura na ƙarshe. Ba kifin nake so ba, uwata. So nake in ga ɗan gudu yana wasa a ruwa, ko sau ɗaya, kafin a kashe fitilar." Na ce masa in sha Allahu. Na ji tsoro ƙwarai ranar, don na ga yadda yake laluben hannuna wajen tsallaka titi.

A shekarar ne yayana ya samu aikin tuƙi, ya kuma ƙudura sai ya faranta wa tsohon rai. Ya ce, "Ya Baba, bana khalas, ya isa haka, ka huta. Layya alayya, a kaina take." Baba ya sa masa albarka. Ni kuma da nake ganin kaina mai wayo, ban yi tunanin in tambayi wane irin rago zai sayo ba.

Ranar sallah da hantsi sai ga shi da kwalaye. Na'imi ya saya, ragon Larabawa mai kitsen wutsiya, ya kai mayanka kamar yadda kowa yake yi yanzu, aka feɗe, aka daddatsa, aka jera masa tsaf. Babu fata, babu kai. Ko da ma akwai fatar, gashin Na'imi ulu ne, dunƙule kamar audugar katifa. Baba ya tsuguna ya buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, yana Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka, hannunsa kuwa yana kaiwa har ƙasan kowane kwali. Ni kaɗai na san abin da hannun nan yake nema.

Ina da baki, ban musa ba. Na ja yayana kicin na wanke shi tas, Hausa na ƙare mini ina ƙarasawa da Larabci. Ya tsaya sororo. "Gashi? Wallahi ma dareit, ban sani ba. Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?" Da na ga idonsa ya kawo ruwa sai na daina faɗan. Ya ɗauki makullin mota ya ce, "Yalla, mu nemo."

Muka bi Nuzla lungu-lungu, ni da kwalliyar sallah. Mafi yawa kwalaye suka karɓo irin namu. 'Yan kaɗan da suka yanka a gida, masu tara fatun sadaka sun riga mu. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, mutane na rabon nama, ke kina barar gashi? Ko miji za a ɗaure?" Ta dai ba ni na akuya, baƙi, gajere, wanda ba zai yi komai ba. Har unguwar Ammariyya muka leƙa, muka dawo hannu wofi.

Bayan la'asar na hau bene na tarar da Baba a inda haske ya fi yawa, ya baje ƙugiyoyi da jan zare a kan tabarma, Inna na gefe tana yanka nama. Na ce, "Baba, ba mu samu ba." Can sai ya kai hannu ya damƙe gemunsa, ya ɗaga haɓa. Wani gashi fari tas ya sauko ƙasan damƙar.

"Kawo almakashi," ya ce. "Abin da ya wuce damƙa ɗaya, malamai sun ce babu laifi a rage."

Inna ta ajiye wuƙa. "Malam, yau kuma kai ne ragon?" Ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta miƙe da sauri ta ce ta bar abu a wuta. Babu abin da ta ɗora, ni na sani.

Na yanka. Gashin yana da kauri da tsauri, miƙaƙƙe sambal. Ya murza shi tsakanin yatsu ya ce, "Kai, da na san ina da wannan, da na huta da shafa wuyan ragunan mutane." Ya fara ɗauri, ƙugiyar kusan tana taɓa hancinsa. Zare ya kuɓuce, ya sake. Ya kuɓuce, ya sake. Na miƙa hannu zan taya shi, ya buge hannun. Zura igiya a kafar ƙugiya kaɗai ya bar mini, ita ma sai da ya gwada ya gaji.

Juma'ar da ta biyo, yayana ya kai mu gaɓar kudu, inda duwatsu suka shiga cikin ruwa. Muka riƙe Baba, ni dama shi hagu, har ya samu wurin tsayawa. Jifa kam hannunsa bai manta ba, igiyar ta tafi can nesa. Ya fara ja a hankali, yana ɗan fizga. Iska ta karkato da igiyar hagu, ruwan kuma garau yake, sai ga ɗan gudu ya taho, fari fat, yana buɗewa yana rufewa, cokalin na walƙiya a bayansa. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya yi kyansa ba.

"Ga shi can!" Baba ya ɗaga murya. "Na gan shi! Uwata, kin gan shi?"

Yatsansa ɓangaren dama yake nunawa, can inda babu komai sai rana da ke wasa a kan ruwa. Ɗan gudu yana hagu, kusa da ƙafafunmu. Yayana ne ya matso, ya dafa kafaɗar tsohon, ya juya tasa fuskar zuwa inda yatsan yake nunawa.

"Shi ne, ya Baba," ya ce da karkatacciyar Hausarsa. "Wallahi yana wasa."