Ƙaryar da na yi wa jar mota

A zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, ina da garaji a Gaya, bayan tasha. Rumfar kwano ce da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, amma duk mai son sayen tsohuwar mota ni yake fara nema, don kunnena ba ya kuskure a kan inji. A wurinmu kuwa ba a ɓoye ake duba mota ba. Mai sayarwa na tsaye, mai saye na tsaye, ƴan kallo sun kewaye, kai kuma ka faɗi abin da ka gani kowa ya ji. Abin da na faɗa da hantsi, kafin la'asar ya haye gada ya shiga Benin. Ina taƙama da wannan ƙwarai a lokacin.

Wata safiya yayana ya zo. Manyan motoci biyu gare shi masu ɗauko kaya daga Paraku, kuma tun muna yara Allah ya yi shi da son a gan shi. Ya tsaya bakin rami ya ce, "Hito ka wanke hannu, za ka duba mini jar motar nan."

Jar mota ɗaya ce a Gaya: ƴar gajera, ƙofa biyu, kujera biyu, rufin tamfol da ake naɗewa, dogon hanci kamar kwalekwale. Tsohuwa ce tun ranar da ta iso. Mai ita wani ma'aikacin gwamnati ne da ya yi karatu a Faransa ya dawo da ita ta Kwatano, kuma ni nake sauya mata mai. Wata huɗu kafin nan jandarma sun je ofis ɗinsa suka wuce da shi Yamai. Ba wanda ya san laifinsa, ba kuma wanda ya tambaya. Albashi ya tsaya. Maƙwabta suka riƙa sauya hanya don kada su bi ta ƙofar gidan. Matarsa, wadda kowa ke kira Madam, ta rage da yara huɗu. Ta sayar da keken ɗinki, ta sayar da kujeru, yanzu saura motar.

Na rage murya na ce, "Yaya, ka san hwa motar wa ce."

Ya ce, "To, motar aka kama? Kai dai tsoronka ya yi yawa."

Na san halinsa. In ka ce masa abu da haɗari, ka ƙara masa sha'awa ne. Na ɗauki kayan aiki na bi shi.

Madam ta fito da kanta ta janye tabarmin da aka rufe motar da su. Ta rame. Ta gaishe mu ta koma gefe, ƙaramar ɗiyarta na riƙe da zanenta. Kafin in buɗe gaban motar mutane sun fara taruwa daga nesa-nesa, ba mai matsowa kamar yadda aka saba. A cikinsu akwai fuskoki biyu da ban sani ba, kuma a shekarun nan fuskar da ba ka sani ba ta isa ta hana ka cin abinci.

Na fara aiki. Na bi jikin motar ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, in ji inda aka cike rami aka shafe da fenti. Wuri ɗaya kawai na samu, ƙarƙashin ƙofar dama. Na kwanta na leƙa ƙasanta, tsatsa kaɗan ce, irin ta motar da ta zauna bakin teku. Na zaro sandar mai, baƙi ne amma tas, ba ɗigon ruwa. Na kwance buji, wato fulogi, na duba, na mayar. Da na murza makulli, sau biyu ta yi tari ta tashi. Na kafa dogon ƙarfe a kan injin, na sa kunne a ɗaya bakin. Wallahi ban taɓa jin inji mai lafiya kamar wannan ba. Haushi ma ya kama ni, don na so in samu aibi.

Na ce, "Yaya, ta yi ƙasa da yawa. Hanyar Dioundiou za ta kwashe mata ciki. In wani abu ya lalace, sai Kwatano ko Ikko. Kuma kujera biyu, iyalinka ina za su zauna?"

Ya ce, "Ban tambaye ka wannan ba. Kwalta ni ka bi. Inji dai, lahiya ko ba lahiya?"

Na ce sai mun gwada ta a hanya.

Da ƙyar ya cusa tumbinsa a kujerar. Muka ɗauki hanyar Dosso, ni ke tuƙi. Tana tafiya kamar ana zuba ruwa. Yayana sai dariya yake yana riƙe da hula, ni ma na kusa mantawa da kaina. Sai ga shingen jandarma na bayan gari.

Jandarman da ke wurin na san shi, na sha gyara masa babur. Kullum da wasa muke gaisawa. Ranar bai yi wasa ba. Bai nemi takardar mota ba, bai dubi yayana ba. Ya zagaya motar a hankali, ya dawo ta wajena ya ce, "Wa ya ba ka ita?"

Na ce, "Gwadawa muke, ranka shi daɗe. Sayarwa za a yi."

"Wa za shi saye?"

Yayana ya buga ƙirji ya ce shi ne. Jandarman ya ciro ɗan littafi daga aljihu, ya rubuta sunan yayana, ya rubuta nawa, ya tambayi sunan mahaifinmu ya rubuta. Sannan ya ce mu juya.

Na juya motar muka kamo hanyar gida. Ina tuna ƴaƴana, ina tuna tsohuwarmu da ke Tounouga, wa zai je ya faɗa mata an tafi da mu biyun. Yayana kuwa ko a jikinsa. Cewa yake, "Aikinsu ne rubutu, bar su su rubuta." Na ji kamar in tsaya in shaƙe shi.

Muka iso, mutane sun ƙaru. Yayana ya fito yana gyara riga ya ce da ƙarfi, "To, malam gwani, hwaɗi mu ji."

Ba zan iya cewa ina tsoro a gaban waɗannan fuskoki ba, don faɗin haka ma magana ce da za a kai gaba. Na sake buɗe gaban motar. Na zaro sandar mai na murza a yatsa, na daɗe ina kallo kamar mai nazari. Sannan na ce, "Kan injin ya tsage. Ruwa na shiga mai. Kafin ta kai Dosso za ta mutu, kuma ba mai iya gyara ta ƙasar nan."

Yayana ya yi tsaki, ya ce Allah ya rufa masa asiri, ya kama hanya. Ƴan kallo suka watse, kowa da labari a bakinsa. Madam ba ta yi gardama ba, ina za ta san kan inji? Ta ce, "Sannu da aiki. Nawa ne ladanka?" Na ce ta bar shi. Ta ɗauki tabarma ta fara rufe motar ita kaɗai, ni kuwa ko taya ta ban tsaya na yi ba.

Na ɗauka yayana kaɗai na hana. Ashe kowa na hana. Wani ɗan kasuwa daga Kamba, ƙetaren iyaka, wanda ba ruwansa da sojanmu, ya zo da niyyar saye, tun a tasha aka ce masa ai gwani ya duba, gawa ce. Ya koma bai ko gan ta ba. Na ji labarin, na yi shiru. Kafin damina Madam ta cire manyan yaran daga lakwal, wato makarantar boko, ta kai su ƙauye wajen danginta suna noman shinkafa. Motar ta zauna a gidan har tayoyinta suka nutse a ƙasa. Mu kuwa ba wanda ya taɓa zuwa nemanmu. Har yau ban sani ba ko ƙaryata ce ta tsare mu, ko dama ba mai zuwa.

Bayan shekara biyar aka sako mai motar. Wata rana da azahar ina cikin rami na ga ƙafafu cikin silifa, na ɗago, ga shi tsaye, kansa ya yi fari. Na fito ina goge hannu, na kasa haɗa ido da shi.

Ya ce, "An ce kai ka duba ta. Kan injin ne?"

Na ce, "Eh."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Laihina ne. Na taɓa barin ta ta yi zahi sau ɗaya, ban hwaɗa maka ba. Ni na aiko daga can na ce in za a sayar kai za a kira, don na san ba ka cutar kowa. Da wani ne, da na ɗauki haƙƙin ɗan'uwanka ban sani ba."

Ya miƙo mini hannu, ya ce ya gode. Na karɓa.